Za a Kori Likita Saboda Maɓalli Ɗaya

Anti, ina yi miki sallama da fatan kina lafiya. Ki yi mini afuwa da na rubuto miki, ni da ban kai ba. Na san wannan fili na manya ne, masu aure da masu aiki, ni kuwa ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare, shekaruna goma sha shida. Ko a aji ba na magana sai malami ya kira ni. Wannan ce takarda ta huɗu. Ukun farko na yaga su domin duk sun fito da faɗa, kuma an koya mana a makaranta cewa ba a rubuta wa babba wasiƙa cikin fushi. Na yi iya ƙoƙarina, amma fushin ya ƙi fita. Don Allah ki taimake ni, saura kwana goma sha ɗaya a kori wata yarinya daga gidanmu a kan laifin da ba nata ba.

Ummata raino take yi a gida. Shekara bakwai ke nan iyaye masu zuwa aiki suna kawo mata 'ya'yansu da safe, su ɗauke su da yamma. Falonmu shi ne ɗakin yaran. An fitar da kujeru, an shimfiɗa leda da tabarmi, an kakkafa ƙusoshi ƙasa-ƙasa a bango yadda kowane yaro zai iya rataye jakarsa da kansa. Teburin karatuna yana kusurwa, kusa da taga. Babana direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu bai kwana gida ba, saboda haka daga ni sai Umma.

Tun da ta fara wannan aiki Umma tana da doka guda. Ba ta karɓar yaran da ba su fara tafiya ba fiye da biyu. Dalilinta shi ne, in wani abu ya faru, wuta ko hayaƙi, ɗaya za ta goya, ɗaya ta rungume a hannun hagu, hannun dama kuma na buɗe ƙofa ne. Sauran duk sai masu ƙafa, 'yan shekara biyu zuwa huɗu. Har wata igiya gare ta mai ƙulli shida, kowane yaro da ƙullinsa. Duk ranar Litinin sai ta sa su kama igiyar su fita har bakin ƙofar gida suna waƙa, su a ganinsu wasan jirgi ne. Na sha jin ta tana ba mata masu jarirai haƙuri a bakin ƙofa, tana cewa bayanta ɗaya ne, in Allah ya ƙara mata wani za ta aika a faɗa musu.

Wata huɗu da suka wuce dokar ta karye. Akwai wani ma'aikacin ofis da yara ke kira Mai Jaka, saboda ko ɗansa zai ɗauka ba ya ajiye jakar. Ɗan nasa, wanda muke kira Lukuti, shi ne jariri na biyu a wurinmu, wato da shi wuri ya cika. Sai Mai Jaka ya je ofis yana yabon Umma. Wata safiya sai ga shi da wata abokiyar aikinsa mai tagwaye, hutun haihuwarta ya ƙare, ba ta da inda za ta kai su. Umma ta yi maganar bayanta ɗaya, matar ta fashe da kuka. Mai Jaka ya ce ai ba wani abu ba ne, ga 'yar Umma nan ta girma, in ta dawo makaranta sai ta kama mata. Anti, ina tsaye a wurin da kayan makaranta a jikina. Ba wanda ya dube ni, balle a tambaye ni. An ƙirga ni kamar yadda ake ƙirga katifa. Haka jarirai suka zama huɗu, masu ƙafa biyar. Tun ranar igiyar nan tana rataye a ƙusa, domin in an ja jirgi waje, wa zai zauna da jarirai huɗu?

Yanzu bari in gaya miki ko wace ce Likita, yarinyar da za a kora. Shekararta uku da wata huɗu. Uwarta tela ce a bakin titinmu, yayyenta biyu duk a hannun Umma suka tashi, ita ma tana wata bakwai aka kawo ta. Tsakanin teburina da ƙofa ta yi takunta na farko. Muna kiranta Likita ne saboda ba ta da wasa sai duba marasa lafiya. Sai ta ɗora miki murfin robar abinci a ƙirji, ta kara kunne, ta girgiza kai kamar abin ya yi tsanani. Maganinta kuwa maɓallai ne da take tsintowa a shagon uwarta. Ta ba 'yar tsana, ta ba ni, ta ce sau uku a rana bayan cin abinci. Saboda haka kullum da safe Umma takan laluba aljihunta a bakin ƙofa, ta kwashe maɓallan ta zuba a gwangwani a saman kabad, da yamma ta mayar mata. Da jarirai suka zama huɗu, safiya ta koma wannan na kuka, wancan ya yi tumbiɗi, iyaye na sauri. Laluben aljihu ya bi hanyar igiya.

Ranar Talata ta makon jiya na dawo makaranta ƙarfe biyu da rabi, na tarar Umma ko karyawa ba ta yi ba. Ɗaya daga cikin tagwayen ya ɓata jikinsa har gadon baya. Ta goya ɗan'uwansa, ta ɗauke shi ta nufi banɗaki, ta ce in sa ido a ɗakin. Lukuti yana zaune a tabarma yana ta kuka, haƙori yake fitarwa. Can sai kukan ya tsaya. Sai na ji muryar Likita tana ce masa ya haɗiye, yanzu zai warke. Da na waiwaya, bakinsa a buɗe, ba sauti, fuskarsa ta canza launi. Na ƙwalla ihu. Umma ta shigo da gudu hannunta a jiƙe, ta kife shi a kan hannunta, ta riƙa bugun tsakanin kafaɗunsa. A bugu na huɗu wani jan maɓalli ya faɗo a kan leda. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamar ranar ba. Umma ta kai shi asibiti aka duba, aka ce lafiyarsa lau. Da yamma da bakinta ta gaya wa Mai Jaka duk abin da ya faru, ba ta rage kome ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni sukuni. Mutumin nan ya tsaya a tsakiyar falo, a gaban yara, yana nuna Likita da yatsa yana kiranta muguwa. Wai irin waɗannan tun suna ƙanana ake gane su. Ya ce ko dai ta bar gidan kafin ƙarshen wata, ko ya janye ɗansa, kuma mai tagwaye ma za ta bi shi, sannan duk ofishinsu sai sun ji. Muguwa, Anti! Yarinyar da ta ji yaro yana kuka, ba wanda ya kula shi, ta ciro abin da ya fi daraja a aljihunta ta ba shi? Wa ya cika ɗakin da jarirai har aka daina laluben aljihu? Wa ya ce ba wani abu ba ne? Shi da ya rushe dokar da ta tsare yara shekara bakwai ba ko ƙwarzane, shi ne yau yake yanke wa 'yar shekara uku hukunci. Na so in faɗa masa haka, amma na tsaya ina kallon takalminsa.

Tun ranar Likita ba ta sake duba kowa ba. Ƙarƙashin teburina take shiga ta zauna. In jariri ya fara kuka sai ta mayar da hannayenta baya ta riƙe. Uwarta ta san abin da ya faru, ta zo ta ba da haƙuri har da hawaye, washegari ta kawo zannuwan katifa guda huɗu da ta ɗinka wa jariran. Ba ta san za a kori 'yarta ba. Umma ta karɓi zannuwan ta yi godiya, ni kuwa na shige ɗaki don kunya.

Na yi wa Umma magana sau ɗaya. Ta ce yaro ba ya sa baki a sha'anin manya, ban san abin da ake sha kafin a riƙe gida ba, kuma uku sun fi ɗaya. Ni ma na iya lissafi. Na san da wannan aiki gidanmu yake tsaye, da shi nake zuwa makaranta. Amma ina jin haushinta, Allah ya yafe mini. Matar da ta iya mayar da mutane goma a bakin ƙofa, yau ta kasa duban mutum ɗaya ta ce a'a.

Saura abu ɗaya, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa na yaga takardu uku. Da Umma ta tambaye ni ina nake lokacin da abin ya faru, na ce na juya ne in zuba wa wani yaro ruwa. Ƙarya na yi. Muna da gwajin kimiyya washegari. Na zauna a teburina na ba ɗakin baya, na ce shafi ɗaya kawai zan duba. Da kukan Lukuti ya tsaya har daɗi na ji, na ce yanzu zan gane abin da nake karantawa. Ban faɗa wa kowa ba sai ke. Duk sanda Likita ta shigo ƙarƙashin teburin ta jingina da ƙafata, sai in ji kamar ni na nuna ta da yatsa.

Anti, in faɗa wa Umma gaskiya? Ina tsoron ta daina yarda da ni. Ko in je a ɓoye in sanar da tela? Kuma ki gaya mini, shin haɗa jarirai da manyan yara a ɗaki ɗaya kuskure ne tun asali, ko mu ne muka ɓata shi? Ki gafarce ni in na yi tsawo ko na yi rashin kunya. In ba damuwa, ina neman izininki in sake rubuto miki bayan ƙarshen wata, domin ba ni da wanda zan gaya wa yadda ta kaya.

'Yar Mai Raino

*

'Yata,

Ba ki yi rashin kunya ba, kuma fushinki yana da gurbi. Yarinyar nan ba muguwa ba ce, kuma wanda ya kira ta haka a gaban 'yan'uwanta ya yi kuskure babba. Amma ki ɗan sauke numfashi mu dubi kowa da kyau, domin da fushi kaɗai ba za ki ceci Likita ba.

Mai Jaka uba ne da ya taso daga aiki aka ce masa ɗansa ya daina numfashi da rana. Duk wanda aka gaya wa haka sai ya nemi wanda zai kama, shi kuwa ya kama wadda ta fi kowa ƙanƙanta. Tsoronsa gaskiya ne, inda ya ajiye shi ne ba daidai ba. Ummanki kuma, kada haushi ya rufe miki ido. Matar da ta kai ƙarfe biyu da rabi ba ta karya ba, ta ceci ran yaro da hannunta, sannan ta faɗa wa ubansa gaskiya alhali tana iya yin shiru, ba matsoraciya ba ce. Gajiya ce da firgici. Kuskurenta ɗaya, ta bar tausayin mai tagwaye ya rinjayi dokarta.

Ke ma kin yi naki, ba zan ɓoye miki ba. An ce ki sa ido, kin ba ɗaki baya, sannan kin rufe da ƙarya. Amma tun farko bai kamata a ƙirga ɗaliba mai jarrabawa a gabanta cikin ma'aikata ba. Taimako daban, a jingina rayukan yara tara a kanki daban.

Ki faɗa wa Umma gaskiya, kuma kada ki kai gobe. Ki bari yaro na ƙarshe ya tafi, ki zuba mata abinci, ki zauna kusa da ita. Ki fara da laifinki, ban da na Mai Jaka, ban da nata. Ga dalilin da ya sa wannan ya zama dole. Muddin tana zaton akwai ido a kan ɗakin, ya ɗan kauce ne don zuba ruwa, to za ta ci gaba da ganin tsarinta lafiya yake, yarinyar ce matsala. Ranar da ta san ba kowa a ɗakin sai ɗaliba da littafinta, za ta gane cewa ba Likita ce ta yi yawa ba, hannu ne ya yi kaɗan. Ƙaryarki ita ce ke riƙe da hukuncin yarinyar nan. Umma za ta yi faɗa, wataƙila ta kwana biyu tana shan ƙamshi. Ki jure. Yardar da kike tsoron rasawa ta nan za ta dawo.

Haɗa shekaru ba kuskure ba ne. Ƙanana suna koyon magana da tafiya wurin manya, manya suna koyon haƙuri da tausayi, ita kanta Likita a irin wannan ɗaki ta koyi jin ƙan mai kuka. Abin da ke yanke magana shi ne yawan waɗanda sai an ɗauka da yawan manyan da za su ɗauke su. Dokar Ummanki ta fi duk abin da zan iya tsara mata. Hanya biyu ce a gabanta. Ko ta samo babbar mace da za ta tsaya tare da ita daga buɗewa har rufewa, ko ta koma jarirai biyu, ta ba mai tagwaye isasshen lokaci, ta kuma taya ta neman wani wuri, tun da ita ta zo ƙarshe kuma da ita doka ta karye. In ma ta ga raino na jarirai zalla take so, zaɓi ne mai mutunci, amma sai a sallami masu ƙafa duka biyar cikin girmamawa, ba a tsame ɗaya a tura ta da sunan muguwa ba. Ko a hakan ma jarirai huɗu sun fi ƙarfin mace ɗaya.

Korar Likita kuwa ba ta gyara kome. Masu ƙafa huɗu za su rage, kowannensu da aljihu. Gobe wani zai zo da murfin kwalba ko tsakuwa. Wannan ita ce maganar da Umma za ta kai wa Mai Jaka da matarsa, a zaune, ba a bakin ƙofa yana sauri ba. Ta nuna musu abin da ta canza: shinge ko doguwar katifa a tsaye da za ta raba wurin jarirai da filin wasan manya, laluben aljihu a gaban iyaye kafin su juya, da kwashe duk wani abu ƙarami da zai iya shiga bakin jariri zuwa saman kabad. Uban da ke tsoro yana son ya ga abin da aka yi da idonsa. In ya gani ya ce duk da haka zai tafi, a rabu lafiya. Zai yi zafi na ɗan lokaci, amma mai raino da aka san ba ta karya dokarta ba ta daɗewa da gurbi a buɗe.

Kada ki je wurin tela a bayan idon Ummanki. Za ki haɗa mata biyu da suka shekara bakwai suna mutunci faɗa, kuma ki rufe ƙofar da kike son buɗewa. Abin da tela take bukatar ji, daga bakin Umma, shi ne maɓalli ya tsaya a shago.

Ba zan yi miki alkawarin Likita za ta zauna ba. Gidan na Ummanki ne, hukuncin nata ne. Amma akwai abin da yake hannunki tun gobe. In ta shigo ƙarƙashin teburin, ki sauka ƙasa ki same ta. Ki gaya mata kin san taimako ta so yi, magani manya ne kaɗai ke ba jariri, aikinta daga yau shi ne in ta ji kuka ta ruga ta kira babba. Sannan ki kwanta a tabarma ki ce cikinki na ciwo, ki miƙa mata murfin robar nan. Yaro ba ya warkewa da bayani kaɗai, sai an mayar masa da wasansa.

Izinin da kika nema na ba ki, kuma ba sai kin yaga uku kafin ki aiko ta huɗu ba. Ki gaya mini yadda gwajin kimiyya ya kasance, ki kuma gaya mini ko igiyar nan ta sauko daga ƙusa ranar Litinin, da wanda ya riƙe ƙulli na farko. Allah ya sassauta zuciyar Ummanki, ya raya Lukuti da Likita, ya ba ki ƙarfin buɗe baki yau.

Antinki